Tasalla da Birnin Rataye

A can gabas da ƙauyen Kurmin Dinya, gaba da inda mafarauta ke juyowa, akwai wata itaciya da ta tsiro daga sama. Saiwoyinta na cikin gajimare, rassanta sun zubo ƙasa-ƙasa, a jikin rassan nan kuwa akwai birni guda da ake kira Birnin Rataye. Birnin ba shi da ƙasa ko ta taka ƙafa ɗaya. Duk wanda ke cikinsa a riƙe yake da wani abu tun ranar da aka haife shi, ranar da ya saki kuwa ita ce ranar ajalinsa. Sau ɗaya a shekara, gab da saukar damina, wani dogon reshe yakan miƙo daga can har ya taɓa duwatsun bayan ƙauyen, jikinsa duk saƙar zuma, ya yi rabin yini ya koma. Manya sun hana a taɓa shi.

Korau mai ɗiban zuma ya taɓa shi. Shekarar ta zo da fari, amyoyinsa sun bushe, matarsa Tasalla kuma tana fama da tari, an ce masa zuma ce maganinsa. Ya fita da hantsi da igiya da gora, bai dawo ba.

Ita Tasalla, shekara takwas ke nan da kuturta ta cinye mata yatsu goma. Lokacin da mutanen gari suka ce ta koma bayan gari, Korau ya ciro jinkar ɗakinsu ya bi ta, ya kafa musu bukka a gindin wani marke, nesa da rijiya, nesa da kowa. Allah bai ba su haihuwa ba. In ka ɗebe Korau, ba mai yi mata sallama. Da ya kwana uku bai dawo ba, ta je bakin gari ta tsaya daga nesa kamar yadda aka sabar mata, ta roƙi 'yan'uwansa su fita nema. Suka fita yini ɗaya, suka dawo da igiyarsa da gorarsa, suka ajiye mata a kan hanya, suka ce ta shiga takaba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, duk tana jiyo hayaniyar daga bukkarta, ba wanda ya aiko mata ko da dunƙulen gumba.

Ba ta yi takabar ba. Kullum da safe sai ta hau duwatsun, ta zauna inda aka tsinci gorar, ta zuba wa gabas ido har rana ta take. Wata huɗu tana haka.

Ran nan tana zaune sai ta ji an yi mata sallama. Ta amsa, ta daɗe rabonta da jin sallama. Da ta waiga, wata hawainiya ce a kan reshen sabara, ido ɗaya na kallonta, ɗaya na kallon sama.

Hawainiya ta ce, "'Yar Adam, mijinki bai mutu ba. A gabana reshen ya ɗaga da shi. Yana Birnin Rataye, an yanke masa hukuncin ya rataya da hannuwansa har ya faɗo. Bai faɗo ba tukuna, domin da ya faɗo da labari ya iso ni."

Tasalla ta tambaye ta hanya. Maimakon amsa, hawainiya ta ɗaga ƙafarta ɗaya a hankali ta nuna mata. Yatsun a manne suke kashi biyu, uku gefe guda, biyu gefe guda, suna buɗewa suna rufewa kamar hantsaki, ga wutsiyarta nannaɗe da reshen. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ɗaga ƙafa ba sai sauran ukun da wutsiya sun kama, kuma duk da haka ba ta kai rabin hanyar birnin ba ta juyo. Ta ce a kowace ƙofa tambaya ɗaya ake yi wa matafiyi: da me kake riƙo? Daga nan ta juyo da idanunta duka biyu kan dungulman Tasalla.

"Ke kuwa ban ga abin da za ki amsa da shi ba."

Tasalla ta ce a dai nuna mata hanyar, in an tambaye ta ta ga abin da za ta ce. Hawainiya ta ce ta fuskanci mafitar rana, kada ta karkata, har ta iske ruwan da ba a hango gaɓarsa.

Kwana tara tana tafe ita kaɗai. Ta wuce gonaki, ta wuce dajin da ta sani, ta shiga wanda ko sawun dabba babu. Abincinta kanya da aduwa da suka faɗo ƙasa. Shirun dajin ya yi mata yawa, har takan tsaya ta ce "Maigida" da ƙarfi, don kawai ta ji muryar mutum, ko da tata ce.

A rana ta goma ta iso wani baƙin kogi. Duwatsun bakinsa duk suka motsa, ashe ƙaguwoyi ne. Daga cikin ruwan sai wata ƙaguwa ta taso, girmanta ya kai rumbu, hannunta ɗaya kauri kamar turmi, ɗayan siriri kamar awartakin maƙeri.

Ta ce, "Ni ce Uwar Mashigi. Da wannan babban nake fasa dutse, da wannan ƙaramin nake tsince ƙwayar yashi daga idon ɗana. Ke da me kike riƙo?"

Ba ta jira amsa ba, ta jefa allura a kan wani faffaɗan dutse mai gansakuka a bakin ruwan, ta ce Tasalla ta ɗauko ta miƙo mata, in allurar ta faɗa ruwa ita ma ta bi ta. Tasalla ta durƙusa. Ta gwada haɗa dungulmanta biyu, allurar ta zille ta gangara, saura kaɗan ta faɗa ruwa. Sai ta kifa fuskarta a kan dutsen, ta tare ta da leɓe. Tsinin ya shige mata leɓen ƙasa, ba ta motsa ba, ta lallaɓa da harshe har ta kai ta tsakanin haƙora ta datse. Ta miƙe da jini a haɓa ta miƙa.

Uwar Mashigi ta karɓi allurar da siririn hannun, ta sa babban ta ɗauki Tasalla ta ƙugu. Hannun da ke fasa dutse ko zaninta bai yamutsa ba. Suna ratsa ruwan a karkace, irin tafiyar ƙaguwa, Tasalla ta tuna cewa shekara takwas ba wanda ya taɓa jikinta sai Korau. Da suka kai gaɓa, ƙaguwar ta gaya mata cewa su idan abokin gaba ya kama hannunsu, barin masa hannun suke yi su tsere, daga baya wani ya tsiro.

"Naku ba ya tsirowa?"

"Ba ya tsirowa, ranki ya daɗe."

"To ki yi hattara da abin da ya rage miki."

Bayan kogin akwai Dutsen Santsi, wanda kansa ya shige gajimare, jikinsa sumul kamar madubi, ba tsaga ba tudu. A gindinsa ƙasusuwan mutane ne zube. Tasalla ta gwada hawa sau uku tana zamowa, ta zagaya shi har ƙafafunta suka kumbura ba ta ga wata hanya ba. Ta zauna cikin ƙasusuwan nan har azahar.

Can sai ga wata tsaka tana saukowa da kanta a ƙasa, girmanta kamar kada. Tasalla ta ja da baya, domin a Kurmin Dinya cewa aka yi tsaka ce ta faɗa mata a miya ta jawo mata cutar, tun daga lokacin kuwa duk wadda ta gani sai ta take ta da ƙafa.

Tsakar ta tsaya daidai kanta ta ce, "Goma sha ɗaya kika kashe cikin jikokina, a kan laifin da ba su yi ba."

Tasalla ba ta musa ba. Ta durƙusa ta ce haka aka gaya mata, ita kuma a lokacin tana neman wanda za ta ɗora wa. Sai tsakar ta ɗaga ƙafa ɗaya daga jikin dutsen ta juyo da cikinta. Ƙarƙashin kowane yatsa ninki ne bisa ninki, kowane ninki cike da gashi wanda ya fi na jariri laushi. Ta ce ita ba ƙaro a ƙafarta, ba ta matsewa, ba ta sokewa, lafewa kawai take yi, dutsen ya riƙe ta. Ta ce Tasalla ta hau bayanta, amma ba inda za ta ciza, kada kuma ta kuskura ta kama wutsiya, domin cirewa take yi.

"Da me za ki riƙe ni?"

Tasalla ta hau, ta zagaye wuyan tsakar da gwiwoyin hannunta, ta harɗe wuyan hannu bisa wuyan hannu, ta matse haƙarƙarinta da gwiwoyin ƙafa. Suka fara hawa. Ƙasa ta yi nisa, kogin ya koma kamar baƙin zare. Wajen rabin dutsen hannuwanta suka mutu, ba ta jin su, sai ga tari ya taso mata. Ta san in ta yi shi zai girgiza ta ta zame, don haka ta haɗiye shi, idanunta na zubar da ruwa, ƙirjinta kamar ya tsage. Haka ta yi ta haɗiyewa har suka kai sama.

Tsakar ta sauke ta ta ce, "Ban yafe ba, amma na kawo ki." Ta juya ta gangara.

A kan dutsen ba komai sai iska. Can nesa, ƙetaren wani sarari da ba a ganin ƙarshensa, ga itaciyar nan tana reto daga gajimare. Wata gaggafa ta sauko, inuwarta ta rufe kan dutsen duka. Ita ba ta yi tambayar ba.

Ta ce, "A nan ba ke za ki riƙe ba, ke za a riƙe. Faratana uku ne a gaba, ɗaya a baya. In sun rufe ba su san baƙo ba, ba su san abinci ba. Kin yarda?"

Tasalla ta ninka mayafinta ta ɗora a kafaɗu ta ce ta yarda. Mayafin bai hana komai ba. Faratan suka shige ta, na bayan ya taɓo ƙashi, ƙafafunta suka bar dutsen. Ta rufe ido tana jin jini na bin bayanta, ba ta buɗe ba sai da ta ji an sake ta a kan wata raga ta kurangar daji.

Ta shigo Birnin Rataye. Gidajensu kamar sheƙar tsuntsu suke, manya da ƙanana, suna lilo a jikin rassa. Mesa-mesai sun nannaɗe kai a wannan reshe, wutsiya a wancan, sun zama gadoji ana bi ta kansu. Ga wasu birai irin da ba ta taɓa gani ba, waɗanda wutsiyarsu ke riƙo kamar hannu na biyar, suna rataye da ita suna ɓare 'ya'yan itace da hannu biyu. Aku na hawa da ƙafa biyu da baki. Aljanun birnin kuwa ƙafafunsu ma hannuwa ne, jariransu na manne da gashin ƙirjinsu ba goyo ba majanyi. Tasalla ta bi ta cikinsu da rarrafe, tana maƙala gwiwar hannu tana jan jiki. Ba wanda ya kauce mata, ba wanda ya kalli hannuwanta sau biyu.

A babbar gwafar itaciyar, inda rassa suka rabu, Magajiyar birnin ke zaune, wata farar giwa tsohuwa. Hancinta ya kai tsawon igiyar rijiya, a ƙarshensa akwai leɓɓa biyu kamar yatsu, tana tsintar riɗi da su ƙwaya ɗaya-ɗaya daga cikin ƙwarya. Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa, ta faɗi sunanta da abin da ya kawo ta. Magajiya ta naɗe ta da hancin, ta zura ta ƙasa, ta wuce rassa da gidaje, har reshe na can ƙarshe wanda ba komai a ƙarƙashinsa sai sarari.

Nan Korau yake rataye. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, gemu ya rufe masa ƙirji, hannuwansa sun yi baƙi sun kafe a jikin reshen kamar tare suka tsiro. Ya ɗago kai da ƙyar.

"Tasalla. Wa ya kawo ki?"

"Ƙafata, Maigida."

Ya tambaye ta yaya tarin, ta ce da sauƙi.

A gefensa akwai wani tsohon jemage rataye da kansa a ƙasa, shi ya ba ta labari. Ya ce mutum ba ya wuce yini ɗaya a reshen nan. Su jemagu kuwa akwai wata jijiya a ƙafarsu wadda nauyin jiki ke ja, faratan su kulle da kansu, shi ya sa suke barci a rataye, su haihu a rataye, har wanda ya mutu ma yakan kwana biyu bai faɗo ba. Da suka ji mutumin nan yana ta kiran suna ɗaya alhali yatsunsa na zamewa, sai tausayi ya kama su, suka lashe masa wuyan hannu suka ara masa kullin, suka riƙa kawo masa ɓaure a baki. Sai dai su suna buɗe nasu ne in sun ɗaga jiki da fiffike. Shi ba shi da fiffike, nasa ya kulle ke nan.

Muryar Magajiya ta sauko daga sama, rassa na rawa.

"'Yar Adam, mijinki ya ɗebi abin da ba nasa ba, jemagu kuma sun yi wa hukuncina zamba. Hannunsa ba zan iya buɗewa ba. Reshen zan karya. In kin riƙe shi har iskar la'asar ta wuce, naki ne. In kin saki, ya tafi shi kaɗai. In kin ƙi saki iskar ta fi ƙarfinki, kun tafi tare. Da me kike riƙo?"

Tasalla ta ce, "Da duk abin da ya rage mini, ranki ya daɗe."

Ta dubi yadda jemagen ya rataya. Ta hau reshen da ke bisa na Korau, ta maƙala bayan gwiwoyinta a kansa, ta harɗe ƙafafu, ta sako kanta ƙasa. Ta zura hannuwanta ta ƙarƙashin hammatarsa ta lanƙwashe, ta sa haƙora ta datse maɗaurin gorarsa na fata da ya rage a kafaɗarsa. Hancin giwar ya sauko ya karya reshen ta dama, ya karya ta hagu, kamar mai karya kara. Nauyin Korau duka ya dawo kanta.

Iskar ta taso. Ta yi lilo da su gaba da baya, ta juya su kamar mazari. Raunukan da gaggafa ta yi mata suka buɗe, jinin ya gangaro ta hannuwanta ya sa santsi. Hannun hagu ya zame. Na dama ya bi. Korau ya rage a haƙoranta kawai. Ta ji ɗaya ya karye, ta ji na biyu ya bi shi, wuyanta kamar zai rabu da jikinta. Korau yana ce mata ta saki, don Allah ta saki, ya yafe mata duniya da lahira. Ba ta da bakin amsa masa. Ta ƙara datsewa, ta lalubo shi da dungulmi har ta sake cusa hannun dama a hammatarsa, sannan na hagu. Ba ta san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Ta dai ji ganye ya daina kaɗawa, ta ji wani abu mai ɗumi ya tallabe su daga ƙasa ya naɗe su tare.

Sai da jemagen ya ce mata an gama sau uku kafin ta iya buɗe baki.

Magajiya ta sa dogon reshen nan ya miƙe ba a lokacinsa ba. Birai suka jeru a kansa, wannan ya miƙa wa wancan, aka yi ta miƙa su hannu zuwa wutsiya, wutsiya zuwa hannu, har aka dire su a kan duwatsun bayan Kurmin Dinya kafin rana ta faɗi. Reshen ya koma.

Mutanen gari suka fito kallo, suka tsaya daga nesa. 'Yan'uwan Korau suka ce wanda aka yi wa sadakar arba'in ba ya dawowa, wannan sai dai fatalwa, suka koma gida. A rana ta uku wani tsoho masassaƙi, Bagudu, ya zo shi kaɗai da gizagonsa, ya sare itacen da ke tsakanin hannuwan Korau, ya bar masa guntu ɗaya a kowane dunƙule, domin yatsun sun ƙi buɗewa. Ya sha ruwan da aka ba shi, ya yi musu addu'a ya tafi.

Suka zauna a gindin marke su biyu, ba mai yatsa ko ɗaya mai motsi a gidan. Tulu sai sun haɗu suke ɗauka, shi ta nan ita ta can. Tuwo yakan zube, su yi dariya su sake. Damina ta wuce, kaka ta shigo.

Wata safiya Tasalla tana shanya kuɓewa sai ta ji ya kira ta da wata irin murya. Ta zo ta tarar yana kallon hannunsa na dama. Ƙaramin yatsan ya ɗaga daga jikin itacen, ya koma, ya sake ɗagawa. Korau yana dariya hawaye na zuba, ya ce bari ya je gari ya nuna wa 'yan'uwansa, su ga shi ba fatalwa ba ne, tunda fatalwa ba ta warkewa. Ya sa takalmi ya kama hanya.

Ta tsaya a bakin bukka tana kallon bayansa. Ta yi murna, Allah ya sani ta yi murna. Amma watannin nan da suka wuce su ne kaɗai lokacin da ta samu wani irinta a duniya, yanzu kuma zai koma cikin masu hannu. Ta nemi gafarar Allah a kan wannan tunanin, ta koma kan kuɓewarta ta durƙusa.

Ba ta shanya ko rabin faifai ba ta ji takunsa. Ko rijiya bai kai ba ya juyo. Ya ce 'yan'uwan nasa sa ji daga baya. Ya durƙusa a gabanta ya ce ta miƙo hannu. Ta miƙa. Ya kawo dunƙulensa kusa, ya yi ta fama, gumi na tsattsafo masa a goshi, har ƙaramin yatsan ya buɗe, ya zagaye wuyan hannunta, ya riƙe.